Sakatar Tagar Baya

Shekaru sun yi nisa, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, saboda haka ba zan iya rantsuwa a kan duk abin da zan faɗa a nan ba. Wataƙila na haɗa ranaku biyu na mai da su ɗaya, wataƙila kuma na sa wa wani maganar da wani ne ya yi ta. Abin da ba na shakka a kansa shi ne ɓarawo ya shiga gidan da muke haya a unguwar Stratford ta birnin London da rana tsaka, matata ta kasa ci gaba da zama a ciki, ni kuma na nemi hanyar barin gidan kafin wa'adin yarjejeniya ya cika.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya fara zuba a gida. Gwamnatin jiharmu ta turo ni karatun digiri na biyu a ɗaya daga cikin kwalejojin Bloomsbury. Shekarar farko a ɗakin kwanan ɗalibai na yi ta. Da aka ba ni izinin ɗauko iyali sai na shiga neman gida, na kuwa sha wuya, domin masu gidaje da yawa idan sun ji murya a waya sai su ce akwai, idan sun ga fuska sai su ce an riga an kama. Daga ƙarshe na samu ƙasan wani gida a layin gidaje manne da juna bayan tashar jirgi: ciki da falo da ɗan kicin mai taga da ke kallon wani lungu. A sama wasu ma'aikata biyu ne da ba sa yini a gida. Mai gidan wani tsohon Bature ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, matarsa ta rasu, yana zaune a Barking. Kowace Asabar yakan zo ya duba gidansa, hularsa a hannu.

Ya ce sai na kawo wanda zai tsaya mini, wato wanda za a kama idan na gudu. Wanda ya tsaya shi ne dattijon da dukkanmu muke kira Alhaji kawai, kamar babu wani alhajin a London sai shi. Ya daɗe a ƙasar yana aikin tura wa 'yan kasuwarmu kayansu gida ta jirgin ruwa. Shi ke tarbar sabon zuwa, shi ke raɗin suna, shi ke tsayawa a kan gawa idan an yi rashi. Ya sa hannu a takardar ba tare da ya karanta ba. Ni kuwa sau uku na karanta ta, da ƙamus a gefena. Shekara guda ce cur. A ciki akwai sharaɗin da ya ce gyaran ƙofofi da tagogi da makullai na kan mai gida, muddin ɗan haya ya sanar da shi a rubuce. Har na ja layi da fensir a ƙarƙashin wurin. Ina ambaton wannan ne don kada wani ya yi mini uzurin rashin sani.

Maiɗakina ta iso cikin sanyi. Ba ta taɓa barin ƙasa ba, Turancinta na gaisuwa ne da sayen madara. A babban gida ta taso a Katsina, irin gidan da ba a taɓa shiru, nan kuwa tun daga safe har in dawo ita kaɗai ce da bango huɗu. Abin da ya riƙe ta, a ganina, kaset ne. Mahaifiyarta ba ta rubutu, sai ta riƙa sa a ɗauki muryarta a kaset a ba matafiya su kawo. Gaisuwa ce da labarin wa ta haihu, wa ya yi aure, a bayan muryar kuma ana jin daka da kukan akuya da wata na yi wa yara faɗa. Na saya mata rakoda, takan ɗora ta a kan kabad ɗin kicin tana girki tana amsa wa uwarta kamar suna tsakar gida ɗaya. Cikin 'yan watanni ta samu ciki.

Ita ta fara lura da tagar. Irin wadda ake ɗagawa sama ce, da ƙaramar sakata a tsakiya. Katakon da aka ɗaura sakatar a kai ya sha ruwa ya ruɓe, idan ka tura ta sai ƙusoshin su motsa tare da ita. Ta ce mini, "Malam, tagar nan fa ba ta kamawa." Na duba, na naɗe takarda na cusa, na ce zan rubuta wa mai gida.

Na kuwa zauna na rubuta, har sau biyu ina jin. Amma duk lokacin da na karanta abin da na rubuta sai in ga kamar sammaci. Mutumin nan ya girmi mahaifina. Kowace Asabar yana zaune a falonmu yana shan shayin da matata ta haɗa masa, yana yaba cincin ɗinta. Da sanyi ya tsananta, hitar marigayiyar matarsa ya ɗauko ya kawo mana a cikin bas. A inda na fito, ba ka miƙa wa irin wannan mutum takarda sai in kana shirin kai shi ƙara. Sai na ga ya fi dacewa in faɗa masa da baki. Ina tsammanin na faɗa. Yadda nake tunawa, na raka shi bakin ƙofa, bayan mun gama zancen sanyi da ciwon gwiwarsa, yana sa hula na ce tagar baya tana ɗan son a duba ta idan an samu hali, amma ba gaggawa. Ya gyaɗa kai. Ko ya ji, ko bai ji ba, ban sani ba. Abin da na fi tabbata da shi a duk maganar shi ne na ce ba gaggawa.

Ranar da abin ya faru, ta tafi awon ciki tare da Hajiya, matar Alhaji, wadda ke yi mata tafinta a asibiti. Wajen azahar suka dawo. Ƙofar gaba tana kulle yadda suka bar ta. Ni ban ga abin da suka gani a ciki ba, labari aka ba ni, kuma wannan shi ne tushen wahalar duka. An ce tagar kicin tana ɗage, gilashi ɗaya ya fashe, sakatar tana ƙasa da ƙusoshinta da guntun ruɓaɓɓen katako a jikinta. An buɗe akwatunan lefenta an watsar da zannuwa har falo. Akwai sawun takalmi a kan darduma da kan farin mayafinta. Sarƙa da 'yan kunne da awarwaron gwal sun tafi. Rakoda ta tafi da kaset a cikinta, da sauran kaset ɗin da ke cikin gwangwanin biskit. Ɓarawon ya cire rigar filon da take kwana a kai, a ciki ya zuba kayan.

Hajiya ta fita wayar bakin titi ta kira Alhaji, Alhaji ya kira kowa. Wani ya bar mini saƙo a wurin mai gadin kwaleji, amma ina can cikin laburare, takardar ba ta same ni ba sai bayan la'asar. Ban san yadda na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, na dai tuna na wuce tashata da ɗaya na dawo.

Tun daga bakin ƙofa na ga takalma jere har cikin soro. An zo jaje. Maza suna falo, wasu a kujera wasu a ƙasa, mata suna ciki tare da ita. Kowa na miƙo hannu, Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya sa iyakar abin ke nan. Gidan kuwa ban taɓa ganin sa da tsabta irin ta ranar ba. Matan sun share gilashi, sun goge ƙasa, sun ninke zannuwa sun mayar cikin akwati, sun wanke darduma da mayafin sun shanya a kan hita. Tukunyar shinkafa na kan wuta. A kicin na tarar da wani kafinta mutumin zangon Kumasi, wanda ke yi wa Alhaji akwatunan katako, yana tattara kayan aikinsa. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya sa sabon katako, ya sa sabon gilashi, ya ɗaura sakata biyu manya.

Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, ba za mu bari ka zo ka tarar da gidanka a haka ba. Yarinyar nan da ciki, ba ta kwana da taga a buɗe."

Na yi godiya. Sannan na tambayi kafintan inda tsohuwar sakatar take. Ya yi dariya ya ce, "Maigida, wancan ya mutu tuntuni. Ko yaro ya tura shi da yatsa zai buɗe. Na zuba shi da gilas ɗin duka." An kwashe sharar an kai wani babban kwandon ƙarfe na masu gini a ƙarshen layi. Washegari da na je dubawa an riga an tafi da shi.

Na tambaya ko an kira 'yan sanda. Alhaji ya ce suna jira ne in zo, ni ne maigida, ba za su shigo da 'yan sanda kan iyalin mutum ba ya nan ba. Gaskiyarsa ce, da a gida ne ni ma haka zan yi. Ina jin a daidai wannan lokacin, ina tsaye a kicin ana miƙo mini faranti, na tuna layin fensirin nan. Amma yana yiwuwa daga baya ne na ɗora wa kaina wannan hangen. Na ci shinkafar, aka yi addu'a, na raka kowa ina godiya.

Da safe wani matashin ɗan sanda ya zo. Ya tsaya a tsakiyar kicin yana kallon ƙasa mai sheƙi da sababbin sakatu, ya tambaye ni ta wace taga aka shiga. Na nuna masa. Ya ce babu abin da zai ɗauka a nan, an goge komai. Ya tambaya ko na tabbata tagar a kulle take jiya. Na fara yi masa bayanin katako da naɗaɗɗiyar takarda, na ga yana rubuta abin da bai kai rabin abin da nake faɗa ba. Ya ba ni wata 'yar takarda mai lamba, ya ce za su sanar da mu idan an samu wani abu. Ba mu sake ji ba.

Matata ba ta yi kuka ba, aƙalla ba a gabana ba. Da ta yi, da wataƙila ya fi. Zannuwan da aka ninke mata ta fito da su ta wanke, suka bushe ta sake wankewa, ba ta ɗaura ko ɗaya ba. Riga biyu da ke jikin igiyar shanya ranar su ta riƙa juyawa. Ba ta shiga kicin sai ina tsaye a bakin ƙofarsa. Barci ya ƙaurace mata. Idan na tashi tafiya makaranta sai in ga ta sa kwat ta riga ni fita. Na yi kwanaki ina tafiya da ita Bloomsbury, in zaunar da ita a benci a wani lambu kusa da kwaleji, ko a barandar ciki idan ana ruwa, in shiga lacca hankalina yana waje. In fito in same ta yadda na bar ta, hannuwa cikin aljihu, tana kallon tattabaru. A asibiti suka ce jininta ya hau kuma ba ta ƙara nauyi yadda ya kamata.

Na ce mata zan saya mata wata rakodar, gwal kuma Allah zai mayar. Na nuna mata sababbin sakatun, na jijjiga tagar da ƙarfi don ta gani. Ta ce, "Malam, ba gwal ba ne. Mutumin nan ya taɓa filona. Ya san inda nake kwana, ni ban san fuskarsa ba. Yana can yana jin muryar Inna." Bayan ɗan lokaci ta ƙara da cewa, "Ka fitar da ni daga gidan nan kafin in haihu, ko ka mai da ni gida." Ba ta taɓa sa mini sharaɗi ba kafin wannan rana, ba ta kuma sake ba.

Asabar mai gidan ya zo. Ya nuna baƙin ciki, kuma na yarda na gaske ne, har ya cire tabarau ya goge. Ya shiga kicin ya shafa aikin kafintan, ya ce aiki ne mai kyau, ya tambaya cikin raha wa ya ba da izinin taɓa masa taga. Na jira ya sha rabin shayinsa sannan na roƙe shi ya sake mu, mu tashi a ƙarshen wata. Ya ce wata bakwai suka rage, shi kuma da gidan nan yake rufa wa kansa asiri. Ya ce ai yana gani a jarida mutanen ƙasarmu suna kwashe kantunan Oxford Street, me zai hana in kama wani gidan in bar wannan a rufe har wa'adi ya cika? Na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa masu kwashe kantuna daban, ɗalibi mai jiran alawus daban. Ban ga alamar ya yarda ba. Sai na kawo maganar sakata, na ce na taɓa gaya masa ta lalace. Ya yi tunani sosai, ya ce bai tuna ba. Ya tambaye ni, ba da wata manufa ba, ko na rubuto masa ne takardar ta ɓata a hanya. Ban zarge shi da ƙarya ba a lokacin, yanzu ma ba na zarginsa.

Wani abokin karatu ya kwatanta mini wani ofishi a saman kanti inda lauyoyi ke ba 'yan haya shawara kyauta. Wata mata ce ta saurare ni, ta karanta yarjejeniyar tana bin layi da biro. Ba zan iya maimaita dokar daidai ba, kuma ba mamaki ta canja tun tuni, kada wani ya dogara da ni. Abin da na fahimta shi ne sata ita kaɗai ba ta warware haya. Ɗan haya ba ya da ikon tashi don kawai an shiga gidansa, komai tsoron da iyalinsa ke ciki. Amma idan zan iya nuna cewa ɓarawo ya shiga ta wurin da mai gida ya san ya lalace ya ƙi gyarawa, to ina da abin riƙewa. Ta ce ko wannan ba tabbas ba ne a kotu, sai dai yawancin masu gidaje idan sun ga takardar lauya da shaida a bayanta sukan gwammace su saki mutum. Ta tambayi kwafin wasiƙar da na aika. Ta tambayi tsohuwar sakatar. Ta tambaya ko an ɗauki hoto, ko ɗan sanda ya ga katakon. Kowace tambaya na ce a'a. Ta ajiye biro ta ce to wa ya ga tagar kafin a gyara? Na ce mutum ya fi ashirin. Fuskarta ta saki. Ta ce biyu sun isa, su rubuta abin da suka gani su sa hannu.

Na fito da ɗan ƙarfin gwiwa, wanda bai kai mako ba. Kafintan, wanda shi ya fi kowa sanin ruɓar katakon, ya saurare ni har ƙarshe sannan ya ce in yi masa rai, takardun zamansa ba su cika ba, sunansa ba ya shiga ofishin lauya. Ban matsa ba. Hajiya ta ce ita yarinyar ta riƙe, ba ta kalli taga ba. Matan da suka yi shara ba za su sa hannu a komai ba sai da izinin mazajensu, mazajen kuwa ɗalibai ne irina, kowa na tsoron kada sunansa ya fito a wata rigima labari ya kai ga masu biyan kuɗin karatunsa. Ɗaya ya ce mini shi gilashi kawai ya gani. Wataƙila gilashin kawai ya gani.

Na bar Alhaji a ƙarshe. Na same shi a ɗakin ajiyarsa tsakanin kwalayen firji da talabijin masu jiran jirgi. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in kai ga maganar, kuma ina jin a wajen bayanin dalilin da ya sa ake bukatar shaida na ce wani abu kamar, tunda an gyara kafin hukuma ta gani. Ya dube ni ya ce, "Kana nufin ɓata maka muka yi?"

Na ce subhanallahi, Alhaji, ko kusa.

Ya ce, "To ka yi haƙuri. Bature ya ba ka gida lokacin da kowa ya ƙi, ni na tsaya maka, yanzu kuma in sa hannu a kai shi ƙara? Gobe wa zai ba yaranmu haya?" Ya ce tsoron mai ciki ne, zai wuce. Ya ce in kawo ta wurin Hajiya ta huta. Na kai ta, ta yi mako guda. Amma gidansu a lokacin masauki ne na masu zuwa sayayya da ganin likita, a falo take kwana tare da baƙi da akwatunansu, kuma kunya ba ta bar ta ta ƙara ba.

Lauyar ta ce saura hanya ɗaya, in samo wanda zai gaje ni, idan mai gida ya amince da shi. Tsohon ya amince da hakan, ya ce shi dai kada gida ya zauna ba kowa. Sai dai duk wani namu da ke neman gida a London ya riga ya ji labari, in ma bai zo jaje da kansa ba to matarsa ta zo. Da na ce Stratford sai a ce, a'a, ba gidan da aka yi sata ba? Na rubuta kati na manna a tagar wani kantin jarida. Wani ɗalibin likitanci ɗan Sudan ya zo da amaryarsa, suka zagaya, suka yaba tsabta, ya jijjiga sakatun ya ce wannan gida ne mai tsaro. Ya ce zai kama. Na raka su bakin ƙofa. Na kalli amaryar, ita ma ba ta daɗe da zuwa ba, ga alama ita ma yini za ta riƙa yi ita kaɗai. Sai na ji bakina yana gaya musu dalilin sababbin sakatun. Ya yi mini godiya ƙwarai, ya ce zai yi shawara. Bai dawo ba.

Matata tana tsaye a bayan ƙofar falo. Turancinta bai kai ta bi maganar ba, amma ta ga fuskar amaryar ta canja. Da na shigo ta ce, "Malam, wa ya tambaye ka?" Wancan karon, kan batun taga, an so in yi magana a fili na yi ta ƙasa-ƙasa, wannan karon ba wanda ya nema na faɗa dalla-dalla. Har yau ban iya cewa na yi kuskure a na biyun ba, amma ita ce ta biya, ba ni ba.

Abokai sun ce in kwashe komatsaina in tafi kawai, tsoho ba zai bi ni ba. Mai yiwuwa ba zai bi ni ba, amma zai bi Alhaji, sa hannunsa na kan takardar. Na kuma ji tsoron kada takardar kotu ta kai ga ofishin da ke kula da ɗalibanmu, a ce an turo ni karatu na je ina gudun haya. Na auna wannan, na auna wancan, ina cewa bari in ga Asabar mai zuwa ko tsohon zai sauko. Ina cikin aunawa watanni biyu suka wuce, a asibiti kuma aka ce mana idan tafiya za ta yi to ta yi yanzu, nan gaba kaɗan jirgi ba zai ɗauke ta ba.

Ta bi wasu iyali da suka gama ganin likita za su koma Kano. Akwati ɗaya ta ɗauka, zannuwan lefen ta bar su. A filin jirgi ta ce in riƙa cin abinci, ta ce hitar tsohon tana wari idan ta daɗe a kunne, in riƙa kashewa. Na ce da na gama zan taho. Ta ce Allah ya kai mu.

A Katsina ta haihu, mace. Wasiƙa ce ta gaya mini, bayan suna da kwanaki. Alhaji ya tara mutane a gidansa aka yi addu'a, aka ci nama, aka yi ta yi mini barka. Sauran watannin na yi su ni kaɗai a gidan da sakatu biyu masu ƙarfi. Tsohon ya ci gaba da zuwa kowace Asabar, ni nake haɗa masa shayi, yakan tambayi lafiyar madam. Ranar da na miƙa masa makulli ya ce tagar kicin ta fi duk tagogin gidan kyau. Karatun ya ja fiye da yadda aka tsara, domin na faɗi jarrabawa ɗaya a waccan shekara. Lokacin da na fara ganin 'yata har ta fara tafiya da ƙafarta, ta ɓuya a bayan kakarta.

Mun ci gaba da zama da matata, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sau biyu aiki ya sake kai ni London na ce ta zo mu je, ta ce ba za ta bar yara ba. Idan baƙi suka ce mata ai ta zauna a Ingila, takan ce Malam ne ya zauna. Kowace yamma kafin magariba tana bin tagogin gidanmu ɗaya bayan ɗaya tana taɓa sakata, ko da ta ga ni na riga na rufe.

Ba da daɗewa ba ina kwashe tsofaffin littattafai na ga wasiƙar a cikin ƙamus ɗin nan, a ninke, da rubutuna na ƙuruciya. Layi biyar ce, cike da ban haƙuri. Babu abin da take tabbatarwa sai cewa ban aika ba. Tun daga ranar shakka ta ƙara kama ni a kan maganar bakin ƙofa. Na faɗa masa, ko kuwa niyya na yi ta yi har ta zame mini kamar na faɗa? Ita ba ta ji ba, tana ciki. Tsohon da Alhaji sun daɗe da rasuwa.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya zo jajen nan kuma yana raye, ko wadda ta riƙe tsintsiya ranar, ya aiko mini da abin da ya tuna ta hannun waɗanda suka buga wannan. Ba kotu za a je ba, ba kuma sai an sa hannu ba. Ina so in san ko katakon ya ruɓe kamar yadda nake faɗa, da ko akwai wanda na taɓa gaya wa, kafin satar, cewa na yi wa mai gida magana. Idan kuma na ɗora wa wani abin da bai yi ba, ya gyara mini, zan karɓa.